Ku Bar Tsohuwar Kwamfutar Yayana Ta Iya Karantawa

Zuwa ga masu girma shugabannin manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren rubutu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa daga Djamboutou, cikin Garwa, da fatan kuna lafiya.

Ni da yayana Malam Bello muna rubuta tarihin gidanmu da manhajarku. Shi yana Kuseri tare da Baba. Bayan la'asar Baba yakan kishingiɗa ya lumshe ido, sai ayarin kakanninmu fatake ya fara fitowa daga bakinsa, jaki bayan jaki, Yaya yana bugawa a kwamfuta. Rezo, wato layin intanet, ba ya riƙewa a can, don haka a ɗan kile na filas, abin nan na ɗaukar bayanai da ake soka wa kwamfuta, yake zuba aikin, ya naɗe cikin takardar kilishi ya ba direba ya kawo mini. In gyara in mayar.

Na ɗaya. Da damina na sabunta manhajar a wajena. Ashe kun sauya saitin da take zuwa da shi, ma'ajiyar rubutunmu ta koma sabon tsari ba tare da an tambaye ni ba.

Na biyu. Kwamfutar Yaya tsohuwa ce, ba ta ɗaukar sabon zubin. Kile ya isa, ya ƙi buɗuwa. Yaya mutum ne mai tsoron ɓata abu, ya ce ba zai ƙara harafi ba sai an gyara. Muka yi ta aike da direbobi har aka fara tsinkar auduga a Pitowa, kafin na gano inda kuka ɓoye hanyar komawa tsohon tsarin.

Ranku ya daɗe, duk tsawon lokacin Baba yana ba da labari, iska tana kwashewa. Yanzu kile yana buɗuwa, amma tunanin Baba ya rikice, ya koma kiran Yaya da sunan ƙanin shi Baban da ya rasu. Rubutunmu ya tsaya a inda kakanmu ya sa ƙafa cikin kwalekwale. Wani lokaci nakan zauna bakin kogin Binuwai ina hango shi tsakiyar ruwa, bai iso ba, bai koma ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Roƙona, ku bar tsohon tsarin ya zama shi ne na farko. Mai son sabo ya kunna da hannunsa, kuma a faɗa masa wanda zai bari a baya.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya bar muku iyayenku da hankalinsu har ku gama jin abin da ke bakinsu.

Wassalam.

Sani, ƙanin Bello