Lambar Bindigar Baba

Laraba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawan benen nan kamar mai gudun tsere. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Bayan haka, ki gyara zama kafin ki ci gaba da karatu, domin nauyi ya rataya a wuyana in sanar da ke, a madadin zuri'ar gidanmu baki ɗaya, cewa jiya Talata da misalin ƙarfe goma na safe Yaya ya canza wa bindigar Baba zane. Tsohon zanen da ake naɗe ta a ciki ya yi ritaya bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki ba hutu. Sabon kuwa Yaya da kansa ya ɗinka, har da ɗan aljihun kwalbar mai, ya bar wandunan mutum uku suna jira a kan keken ɗinki. An kira ni in gani. Na gani, na yi barka.

Ke kina jaririya lokacin da bindigar nan take ganiyarta, don haka bari in ba ki tarihin yaƙe-yaƙenta. Sau biyu Baba ya harba ta a duk rayuwarsa. Na farko ya auna shahon da ke ɗauke mana 'yan tsaki, ya samu tankin ruwan maƙwabcinmu. Na biyu ya harba sama ne, don ya ga ko ta farko ba ta lalata ta ba. Shi ke nan. Na karanta tarihin makamai da dama a shekarun da na yi ina koyarwa, ban ci karo da wanda ya kai wannan son zaman lafiya ba.

Amma tun rasuwar Baba, shekara ashirin da biyu ke nan, duk ranar Asabar da hantsi Yaya zai rufe shago, ya shimfiɗa tabarma, ya fito da ita daga bayan kabad. Ya shafa mata man keken ɗinki, ya bi ta da tsumma, in ya ga ɗigon tsatsa ya ɗauko samfefa mai laushi. Matarsa ta ce ita da za a riƙa shafa mata mai haka da tuni ta koma budurwa.

To ga maganar. Akwai wani dillalin tsofaffin kaya, muna ce masa Mai Turare don ƙamshinsa yana riga shi shiga gida. Sau uku yana zuwa neman bindigar, wai akwai masu rataye irinta a falo. Duk zuwa Yaya ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya raka shi ƙofa. Ni kuwa na ce a sayar a huta. Abu ne mai baki biyu da bai taɓa faɗin komai ba, ga ƙota tsagaggiya an ɗaure da wayar jan ƙarfe, tsagewar nan da Yaya ya sha dukanta muna yara. Ni dai ba na son ganinta. Ke ma magajiya ce, ki rubuto ki goya mini baya, mu zama biyu a kan ɗaya.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayanki,
Mai Tabarau

Litinin

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na ji daɗin jin gwiwa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Wasiƙarki ta iso, na kuma ga inda kika rubuta cewa in bar Yaya da abinsa, kika ja layi biyu a ƙasa. Na gode. Ashe 'yan tawayen biyu ne, ni ne ni kaɗai.

Sai dai maganar ta fita daga hannunmu duka. Ofishin lasisin makamai ya yi sanarwa cewa kowa ya kai bindigarsa a sake rajista, a shigar da ita kwamfuta. Yaya, wanda bai taɓa makarar sabunta lasisi ko da kwana ɗaya ba, ya sa manyan kaya, ya ce in raka shi tunda ni ne mai Turanci.

Jami'ar da muka samu mace ce mai natsuwa, ba ta da wasa kuma ba ta da wulaƙanci. Ta duba lasisi, ta karanta lambar da ke rubuce. Ta juya bindiga tana neman lambar a jikin ƙarfe. Ta ɗauko tocila. Ta ɗauko gilashin ƙara girma. Auta, babu lamba. Wurin sumul yake, yana sheƙi, har fuskarki za ki gani. Shekara ashirin da biyu na tsumma da samfefa sun cinye ta. Ƙauna ce ta goge ta, kaɗan-kaɗan, duk Asabar. Tsofaffin ma'aikatan da suka san Yaya ba su taɓa dubawa ba, hatimi kawai suke bugawa su tambayi kuɗin ɗinkin riga.

Doka ta ce bindigar da ba a ga lambarta ba ba ta da mai ita. An karɓe ta, an ba Yaya wata 'yar takarda kamar tikitin mota. In ba a tabbatar ita ce ta cikin lasisi ba kafin ƙarshen wata, za a sa ta a injin a yanka gida uku tare da na 'yan fashi. Zanen kawai suka miƙo mana. Yaya ya ninke shi a hankali ya sa a hammata, muka kama hanyar gida.

Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? Abin da nake so ya samu ba tare da na ɗaga yatsa ba. Amma shekaranjiya Asabar na leƙa gidan da hantsi, na tarar ya shimfiɗa tabarma, ga mai, ga tsumma, yana ta goge almakashinsa. Bai ɗago ya dube ni ba. Matarsa ta ce kwana huɗu ke nan abinci sai dai ya taɓa.

Na rubuta wa ofishin takarda shafi uku, irin wadda da ɗalibina ne ya rubuta sai na ba shi maki tara cikin goma. Amsa ta zo layi ɗaya: a kawo lamba. Saura kwana goma sha ɗaya. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Mai Tabarau

Alhamis

Auta ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Yau ba zan tsaya doguwar tambayar lafiya ba. Mun ci! Bindiga ta dawo gida. Ki kira yara ki gaya musu kawunsu mai tabarau ya shiga ofishin hukuma ya fito da tuta. Amma kafin ki yi guɗa, akwai abin da za ki sani, kuma gara ki ji daga bakina.

Ina da shekara goma sha biyu, wata rana Baba ya tafi kasuwa, na ɗauko bindigar na shiga da ita ɗakin ajiya. Na karanta a wani littafi yadda ake warware irinta, kin san ni da yarda da littafi. Akwai ɗan katako a ƙarƙashin bakunan nan biyu, da wata 'yar sakata. Na ja sakatar, katakon ya fita, na ga lambobi an buga a jikin ƙarfen da yake rufewa. Ina cikin mayarwa na ji motsi, na firgita, ta suɓuce ta bugi dutsen niƙa, ƙota ta tsage. Na lallaɓa na mayar da ita wurinta. Da Baba ya gani, sai ya kama Yaya, don shi ne babba kuma shi ke shiga ɗakin. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jin bulala, ban fito ba. Shekara arba'in da shida ban fito ba. Duk sanda na ga wayar jan ƙarfen nan sai in ji kamar a wuyana aka naɗa ta. Wannan shi ne duk hujjojin da nake kawowa na a sayar, sauran ado ne.

Tun ranar da aka karɓe ta na tuna da lambar nan ta ciki. Yaya bai san da ita ba, domin bai taɓa cire ko ƙusa ɗaya ba, wai kada ya kasa mayarwa yadda Baba ya bari. Kwana tara ina juya abin. In na faɗa, za a tambaye ni yadda aka yi na sani. Na yi ta neman ƙaryar da za ta zauna, ni da na karanta littattafan ƙirƙira ɗaruruwa, ko ɗaya ban samu ba.

Jiya da safe na je shago na ce masa ya sa hula mu tafi. Jami'ar ta sa aka fito da bindigar daga sito, an ɗaura mata takarda a kunama kamar gawa a asibiti. Na nemi izini a cire katakon. Ta ce ba a warware abin da aka kama sai da dalili a rubuce, in faɗi abin da ya sa nake zaton akwai lamba a can. Ta miƙo mini takarda da biro. Na rubuta, Auta, duka, da dutsen niƙan da bulalar. Ita kuma, bisa ƙa'idar aiki, ta karanta da ƙarfi a gaban mai lasisi. Ban taɓa jin rubutuna ya yi mini muni a kunne haka ba, ga shi babu kuskuren nahawu ko ɗaya.

Ma'aikacin sito ya yi ta kokawa da sakatar ya kasa. Na ce ya ba ni. Yatsuna ba su manta ba. Katako ya fita, ga lambobi shida raɗau kamar jiya aka buga su. Jami'ar tana karanta na ƙarfe, Yaya yana bin na lasisi da yatsa. Da aka zo ta ƙarshe ta buga hatimi, har ta yi murmushi, ma'aikacin sito ya tafa. Wani tsoho da ke layi da tasa tsohuwar bindigar ya rungume ni, ban san shi ba.

A hanya na tsaya ina haɗa kalmomin neman gafara. Yaya ya riga ni. Wai ai ya sani, ta taga ya hango ni ranar, motsinsa ne ma na ji. Ya ce a lokacin kamar tsinke nake, bulala biyu ta isa ta karya ni, shi kuwa bayansa ya saba. Ya ce abin da bai yafe ba shi ne kwana taran nan da na bar shi yana goge almakashi. Sai ya miƙo mini bindigar ya ce in ɗauka, tunda ni na san cikinta. Ni na rungumo ta har gida a cikin sabon zanenta, muna tafe a tsakiyar layi kamar masu dawowa daga yaƙi, mu da bindigar da tankin ruwa kawai ta taɓa kashewa.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Mai Tabarau

Lahadi

Auta,

Ina fata kun wuni lafiya, ke da maigidan da yara. Na samu saƙonki. Kuka da dariya a takarda ɗaya, wannan sai ke.

Jiya Asabar na je da hantsi. Mun raba aiki: Yaya da mai, ni da tsumma. Samfefar kuwa na ƙwace, tana aljihuna, kuma na kafa dokar cewa ba mai taɓa ƙarƙashin katakon nan, lamba ɗaya ta rage mana a duniya. Matarsa ta leƙo ta ce da mahaukaci ɗaya take fama, yanzu sun zama biyu.

Muna cikin haka ƙamshi ya shigo, sannan Mai Turare ya biyo baya. Ya ji labari, wai yanzu da takardunta suka cika ta ƙara daraja. Ni ya dosa kai tsaye, yana kirana mutuminsa. Na ba shi kujera, na ba shi ruwa, na raka shi ƙofa da kaina. Yaya yana zaune yana dariya har da riƙe ciki.

Kin ce in bar shi da abinsa, kika ja layi biyu. Ke ce da gaskiya, shi ma haka. Ni ne na yi kuskure. Ki adana wannan takarda da kyau, domin ba na jin zan sake rubuta wannan jimla.

Yayanki mai ƙaunarki,
Mai Tabarau