Tayoyin da Sani Ya Zaɓa

Guangzhou, Talata, 9 ga Maris, 1999

Yau Sani, ɗan maigidana, ya zaɓi tayoyin ƙananan babura masu ƙafa huɗu da za mu aika Agadas, don hawa tuddan rairayi. Ya ɗauki masu manyan haƙora, wai sun fi ƙarfi. Ni a rairayi na tashi. Injin baburan nan rago ne, kabari kawai haƙoran za su haƙa masa a rairayi. Faffaɗar taya mai laushi ake so.

Jiya a gaban mai shagon tayoyin Sani ya kira ni baƙauye, suka yi ta dariya.

Yau ya waiwayo ya ce, "Malam Idi, sun yi?"

Na ce, "Sun yi, ranka ya daɗe."

Har ɗaure su na taya shi. Allah ya nuna mini ranar da zai yi wa ubansa bayani.