Sakata Biyu a Ƙofar Ba Umara

Laraba, 7 Maris 2018

An kashe baƙo a ɗaki na huɗu jiya da safe. Alhaji Tanko, mai sayen tattasai, ɗan garinmu Damagaram. Ina rubutawa ne ko na daina juya abin a kaina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da gidan baƙin nan, tun rasuwar maigida. Ɗaki bakwai. Ko shekarar da rabin Diffa ta watse ban rufe ba. Yadda muka saba, ƙarfe bakwai ni ko Kaltumi mai dafa mana abinci mu bi ɗaki ɗaki da tire, mu ƙwanƙwasa mu ce "shayi". Jiya wasu sun riga mu. Sun shigo lokacin da aka buɗe ƙofar gida don masu zuwa masallaci. Na ɗaki na biyar ya ji an ƙwanƙwasa, an ce "shayi", ya ji Alhaji ya buɗe. Bai ƙara jin komai ba.

Kaltumi ce ta same shi. Wuƙa. Jakarsa babu.

Alhamis, 8 Maris

Wuni guda a kwamisariya, wajen ƴan sanda. Suka tambaye ni ko ina ganin mutanen daji masu kai hari ne ko ɓarayin gari. Na ce ranka ya daɗe, ai ni na zo in tambaye ku.

An ƙona katifar. Baƙi huɗu sun kwashe kayansu. Ban ga laifinsu ba.

Asabar, 10 Maris

Na kira Ɗanmalam mai walda. Ƙofofin katako duk a cire, a sa na ƙarfe. Sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa, kowace kaurin babban yatsa. Tagogi a yi musu ƙarfe a matse, yadda ko hannun jariri ba zai shiga ba.

Ya tsaya yana sosa ƙeya, wai Hajiya ko a bar miki hanyar buɗewa ta waje? Na ce abin da na iya buɗewa, wani ma zai iya. Yi aikinka, ba shawara na kira ka ba.

Sabuwar doka kuma: an daina ƙwanƙwasa ƙofa a gidan nan. A aje tire a bakin ƙofa a wuce. Na rubuta da Faransanci da Hausa na manna a kowane ɗaki, Kaltumi kuma za ta riƙa faɗa wa mutane da Barbarci. Ko muryata kuka ji, kada ku buɗe.

Litinin, 12 Maris

Ba Umara ya zo. Duk Litinin yake zuwa daga Geskeru da buhunan tattasai don kasuwar Talata, Laraba ya koma. Shekara tara, kullum ɗaki na biyu. Tsoho ne, ya haura saba'in, ga hawan jini, ga taurin kai.

Ya ƙwanƙwasa sabuwar ƙofar da sandarsa, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Hajiya Mairo, gidan kaso kika buɗe?" Shi dama bai taɓa rufe ƙofa ba. Tabarma yake jawowa bakin ƙofa saboda iska. Wai a gonarsa ta bakin kogin Komadugu yana kwana yana jin harbi daga ƙetare, bai mutu ba, sai a gidana ne za a sa shi cikin akwati?

Na ce Ba, ko ka rufe duka biyu, ko ka nemi wani masauki. Ban yi dariya ba. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce to.

Alhamis, 15 Maris

Zafi. Ba wuta tun jiya.

Talata, 20 Maris

Ɗakuna sun sake cika. Wani direban ƙungiyar agaji ya ce duk Diffa babu masaukin da ya kai nawa tsaro, zai gaya wa abokan aikinsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kaltumi na ta gunaguni a kicin, wai aje wa mutum abinci a ƙasa a wuce kamar ana ba kaji tsaba. A Damasak inda ta baro ba a yin haka. Na ce a Damasak ɗin me ya sa kika baro? Ta juya ta ci gaba da aikinta. Bai kamata in faɗa ba, amma na riga na faɗa.

Laraba, 28 Maris

Bari in rubuta na jiya yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Ƙarfe bakwai Kaltumi ta aje tire a ƙofar Ba Umara. Ranar kasuwa shi ne na farkon fita, ba ya kai bakwai da rabi. Ƙarfe tara tiren na nan, ƙudaje sun rufe burodin. Kaltumi ta ce, "Hajiya, in ƙwanƙwasa?" Na ce a'a, ƙila ya yi sammako ya tafi kasuwa.

Babu kwaɗo a jikin ƙofar ta waje. Wanda ya fita yana sa kwaɗo. Na gani. Da idona na gani, na wuce. Ban so baƙi su ji ana ƙwanƙwasa a gidan da na ce an daina.

Ƙarfe sha ɗaya mai motar da ke kai masa kaya ya zo nemansa, wai buhuna na zube a kasuwa ba mai su. Sai a lokacin na buga ƙofar. Shiru. Na sake bugawa da ƙarfi, na ji wani nishi can ƙasa-ƙasa. Na zaga ta taga. Ƙafarsa kawai nake hangowa a kan siminti, kusa da ƙofa. Innalillahi! Ga mutum ina gani, hannuna ba ya shiga.

Maza huɗu suka yi ta dukan ƙofar da kafaɗa. Ko motsi. Aikin Ɗanmalam ba ha'inci, wannan kam na shaida. Aka je aka nemo shi a wata unguwa, ba wuta, sai da aka aro janareta. Kusan azahar kafin ya yanke sakatun. Bai tuna mini shawarar da ya ba ni ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Bakin Ba Umara ya karkace, hannun dama a sake. Muka sa shi a taksi. A asibiti likita ya tambaya tun yaushe. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Da tun da safe kuka kawo shi..." bai ƙarasa ba, ya ci gaba da rubutu.

Alhamis, 29 Maris

Yana da rai.

Lahadi, 1 Afrilu

Na kai kunu asibiti. Ƴarsa Yakaka ta zo daga Geskeru, ita ke jinyarsa. Ba shi da ɗa namiji da ya rage, ita ta gaya mini. Gonar tattasai yanzu sai dai maƙwabta, in sun ga dama.

Maganarsa ba ta fita sosai, kuma Hausar duk ta gudu, sai Barbarci. Yakaka ke sa kunne ta fassara mini. Wai bayan ya yi sallar asuba a ɗaki ya faɗi. Wai ya ji lokacin da aka aje tiren, ya ji ƙarar kofi. Ya yi ta buga siminti da hannun hagu.

Ya ƙara cewa wani abu, yana kallona. Yakaka ta fassara mini. "Ya ce kada ki yi fushi da shi, ya rufe duka biyu kamar yadda kika ce."

Ba gori yake mini ba. Wallahi da gori ne da na iya ɗauka. Na fito na manta kwanon kunun. Kunya nake ji, kuma haushin kaina nake ji, ban san wanne ya fi ba.

Talata, 3 Afrilu

Ɗaki na biyu ba ƙofa har yanzu. Ɗanmalam ya aiko a tambaya ko ya zo ya gyara. Na ce ya dakata.

Na ba Kaltumi haƙuri kan maganar Damasak. Ta ce ta manta. Ba ta manta ba.

Talata, 10 Afrilu

An mayar da Ba Umara gida ranar Asabar, a kwance a bayan mota.

Tun Alhamis na daina kai tire ɗakuna. An shimfiɗa tabarmi biyu ƙarƙashin bishiyar bedi a tsakar gida, mai son shayi ya fito ƙarfe bakwai. Na ce musu gwiwata ce ke ciwo, kuma kofuna suna yawan fashewa. Sakatu suna nan, takardun dokar ma ban cire ba. Ba abin da ya canza, sauƙin aiki ne kawai.

Yau baƙi shida suka kwana. Ina zuba shayi na ga biyar a tabarma. Na sake dubawa, biyar. Babu na ɗaki na shida, wani malamin makaranta daga Shetimari. Na ba Kaltumi butar, na ce zan duba tulu.

Na buga ƙofarsa sau uku. Na ce ni ce, Mairo. Ya amsa da muryar barci, cikin fushi, wai Hajiya ba ke kika rubuta kada a buɗe ko ke ce ba? Na ce malam fito, shayinka na hucewa.

Ban bar bakin ƙofar ba sai da na ga fuskarsa.