Godiyarku Ta Tona Ni a Teburin Mai Caji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin karɓar rahotannin tsaro ta waya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Shinaka, ƙasar Goronyo. Bara ma'aikatanku sunka sa muna manhajarku a waya, sunka rantse duk wanda ya kai rahoton 'yan bindiga, daga shi sai Allah. Na yarda. Ran da na ga an ɓoye babura cikin kwarin bayan gonata, na aika.

1. Ƙauyenmu ba lantarki. Kowa wurin mai caji yake kai waya, a jera su bisa tebur, masu jira na zaune kewaye. Nan saƙonku ya faɗo ma tawa. Tana kulle, amma ga rubutu ɓaro-ɓaro a fuskarta, kuna gode mini, da sunana, kan rahoton kwari. Haba, ranka ya daɗe! Wa ya roƙe ku godiya? Ina isowa hira ta mutu. Mai cajin ya miƙo mini ita a kife, ko dubana bai yi ba.

2. Ban san wa ya karanta ba, kuma infoman 'yan bindiga ba shi da lamba a goshi. Albasata ta isa cira, na kasa taka gona. Na kwashe iyali zuwa Wurno wurin surukaina. Ko babur ɗin ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida, sai in leƙa in ga ko wane ne. Wallahi tsoro nake ji.

3. Malamin asibitinmu ya ce irin wagga sanarwa sai ta ratsa na'urorin kamfanonin waje kafin ta iso, kuma hukuma na iya neman a nuna mata wanda anka aika ma. To hannu nawa sunana ya bi? Wa ke riƙe da shi a ofishinku, wa kuma ke sa mashi ido?

Don Allah ku daina turo muna sanarwar da ke fitowa a fuskar waya. Ku goge sunana, ku gaya muna masu ganin rahotanninmu.

Shekaranjiya maƙwabcina ya ga abin da ya fi nawa muni, ya biyo ni Wurno in nuna mashi yadda ake aikawa. Na ce ya kama bakinsa, ɗiyansa ƙanana ne.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka.

Wassalam.