Shekara Ukun da Babu Komai a Rubuce

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ga sibi ɗina, wato takardar tarihin karatuna da aikina, na haɗo maka, ta neman gurbin digiri na biyu. Ƙarshen wata za a rufe karɓa. Tunda kai ke zama a irin wannan kwamiti a jami'arku, ka bi ta da jan bironka, kar ka raga mini. Mama na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Ina amsawa. Na duba. Ki cire makarantar firamare, ba mai tambayarta. Ki fara da karatun da kika yi a ƙarshe, ki gangaro baya. Hoton ma cire shi, kin yi kamar an tilasta miki.

Babbar matsalar ita ce daga gama digirinki zuwa fara koyarwarki, shekara uku babu komai a rubuce. Kwamiti ba ya son giɓi, nan idonsu ke fara sauka. Me kika yi a lokacin? In ba komai, sai in rubuta cewa kin yi mini aikin mataimakiyar bincike. Ba wanda zai tona.

Ki gaida Mama.
Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Na gyara duk abin da ka ce, har hoton.

Ka tambayi me na yi. Shekarun ne Baba ke kwance, kai kana waje kana digirin dakta. Ina juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Tsakanin juyi da juyi nake zama kan kujerar roba ta gefen gadonsa, da tsohuwar kwamfutarka a cinya, ina shigar da amsoshin takardun tambayoyinka. Guda ɗari takwas da sha biyu. Ni na gano ƙauye biyu da aka maimaita, ka ce na cece ka.

Saboda haka ba sai ka yi mini ƙarya ba, Yaya. Na yi aikin. Aiko mini da sunan maƙalar da ta fito daga ciki in sa.

Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, in kina amsawa. Kwana huɗu wasiƙarki na cikin aljihun rigata.

Maƙalar ta fito tun bara waccan. Sunana ne kaɗai a kai. Ba zan ce mantuwa ba ce. Lokacin ina neman ƙarin girma, kuma wadda mutum ya rubuta shi kaɗai ta fi maki. Na ce wa kaina ai ke 'yar gida ce, ba ki buƙata. Yau na sauko da kundina daga kanta na buɗe shafin godiya. Na gode wa malamina, na gode wa mai kula da laburare, har direban da ya kai ni ƙauyuka. Ke babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da na yi miki. Na zauna a ofis da biro a hannu ina tambayar ina kika shiga, alhali zamanki ne ya sa na iya tafiya. Kunya nake ji, Auta, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Na rubuta wa editan mujallar na faɗi gaskiya, na roƙa a ƙara sunanki. Na sanar da shugaban sashenmu, ko makin zai ragu ya ragu. Zan kuma rubuta miki takardar shaida. Ki yafe mini.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Na amsa gaisuwa. Editan ya rubuto mini, ya ce gyaran sai fitowar baɗi. Takardar shaida kuma ba sa karɓa daga ɗan uwa, kai ma ka sani.

Jiya na miƙa takardun. A gurbin shekara ukun na rubuta: jinyar mahaifina. Wannan kam in sun tambaya, ina da shaidu.

Ka gaida yara.
Auta