Itaciyar da ta Harbe Ni a Kunci

Mama,

Ina gaishe ki daga Beljiyam. Ya ƙafar taki? Ya Mengue da yara? Ni lafiya lau. Sanyi ne dai, amma ai a ɗakin gilashin da muke renon tsirrai nake wuni, har ran Lahadi. Ɗuminsa kamar na garinmu Ebolowa.

Albishirinki! Akwai wata 'yar itaciya da nake ba ruwa tun zuwana, ba wanda ya san sunanta. Bana ta yi ƙananan furanni farare, ta yi 'ya'ya. Jiya ina duƙe sai na ji tas! Kwanson ya tsage gida uku, ƙwaya ta harbe ni a kunci. Mama, irin ta bayan gonar kokon Baba ce!

Shugabarmu Griet ta ce, "Ashe rinoriya ce! To kai Ondoua, kukan na mene ne?"

Na ce, "A ido ta same ni."

Na ji Yaya Abessolo zai sare kurmin bayan gonar Baba ya ƙara gona. Don Allah ki roƙe shi ya bar ko gindi ɗaya na irin itaciyar. Wannan da nake ba ruwa, ita kaɗai ce 'yar garinmu a nan. Da wane baki zan gaya mata danginta sun ƙare?

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Ondoua