Rabin Mita a Kudenda

Kaduna,
3 ga Yuni.

Zuwa ga matata Indo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Zainab. Yaya Inna da ƙafarta? Ki gaishe ta ƙwarai. Tunda wayarki ta mutu, sai takarda ta hannun Audu direba.

Indo, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Kin san aikina: Oga Emmanuel safiyo yana tsaye a na'urarsa mai ƙafa uku, ni ina can nesa riƙe da sanda mai madubi a kai. Na'ura ta harbo haske, madubi ya mayar, nan take ta faɗi nisa da tudun wurin. Amma sai an gaya mata tsawon sandar, kuma tamu kullum mita ɗaya da rabi ce.

To, a watan Maris muna awon magudanar ruwa a Kudenda, katangar kwano ta gidan wani dattijo, Baba Albert, ta tare wa Oga madubin. Na zuge sandar zuwa mita biyu ya hango. Oba-obata, rediyon hannun da muke magana da ita, ba caji, na ce idan mun haɗu na faɗa masa. Wallahi na manta! Layin gaba ɗaya haka na bi shi. A takarda wurin ya fito da tudun rabin mita, alhali kwari ne.

An gina magudanar. Shekaranjiya aka yi ruwan farko mai ƙarfi, maimakon ya gangara rafi sai ya taru ya shige gida shida, har da na Baba Albert. Ina ganin layin sai na tuna.

Ba wanda ya sani sai ke. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Zakariyya'u.

9 ga Yuni.

Indo tawa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Zainab. An ce ta fara dariya, kuma wai hancina ta ɗauko. Allah sarki, yarinya ba ta yi dace ba.

Na ga amsarki. Kin ce in faɗi gaskiya. Faɗa a takarda ai da sauƙi, Hajiya! Ke kina ƙauye kina shan kunun kanwa, ni nake nan.

Kamfani ya ɗora laifin a kan Oga, don shi ya sa hannu. Ranar Litinin zai zauna gaban kwamiti, ana maganar a karɓe masa lasisi. Mutumin nan shekara bakwai yana hango ni ta na'ura, bai taɓa zuwa ya duba yadda na tsayar da sanda ba. Jiya ya kai na'urar a gwada ta, aka ce lafiyarta lau. Ya dawo ya zauna yana bin lissafinsa layi-layi, ya rame, har ya ba ni haƙuri wai ya jawo mana abin kunya. Na tashi na fita, na taka a ƙasa tun daga Trikania har Sabon Tasha ban san inda za ni ba.

Ina jin tsoro, Indo. In na yi magana aikin ya tafi, ga jaririya. In na yi shiru nasa ya tafi.

Naki,
Zakariyya'u.

13 ga Yuni.

Indo,

Da fatan kun tashi lafiya. A gaida Inna.

Na faɗa. Na bi shi har ƙofar kwamitin na tare shi. Bai zage ni ba, ni kuwa da ya zage ni ya fi mini sauƙi. Sai ya kama hannuna ya shigar da ni, na maimaita a gabansu.

Lasisinsa ya tsira, da gargaɗi. Ni an sallame ni. Na miƙa sanda da madubi a sito, na sa hannu.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Kada kuma ki yi gaggawar dawowa, ki gama wankanki.

Gobe da safe zan ɗauki shebur in je gidan Baba Albert. Ɗakinsa ɗaya ya zube, matarsa Mama Diana tana kwana a coci. Har yanzu cewa yake ruwan Allah ne. Shi ma sai na gaya masa, kuma shi na fi jin tsoro.

Mijinki mai kewarki,
Zakariyya'u.